Injin Babur Mai Zubar da Fenti: Yadda Aka Gano Ciwon Kafin a Sake Fesa Shi

Babur ɗin mai silinda ɗaya ne, 150cc, irin wanda iska ke sanyaya injinsa ba ruwa ba. Ta fuskar aiki ba shi da laifi: yana tashi bugu ɗaya, ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Jikin injin ne ya lalace. Baƙin fentin da ke kansa ya kumbura wuri-wuri, ya tsage, yana zuba ɓawo-ɓawo, har idan aka goga masa tsumma sai gutsattsarin su biyo tsumman. A gaban injin, inda tayar gaba ke watso ruwa da laka, wani farin gari ya fito ya yi tudu a ƙarƙashin fentin. Kawunan notuna sun yi jan tsatsa, kowanne ya zubo da layi ja a ƙasansa.

Mai babur ɗin hannu na biyu ya saye shi, kuma a lokacin injin baƙi wuluk yake, yana sheƙi. Yana zaune ne a wuri mai danshi kusa da teku, babur ɗin kuma a waje yake kwana, lulluɓe da tamfol. Buƙatarsa gajeriya ce. Ya ce, "Malam, a ɗan goge shi a sake fesa masa baƙi, shi ke nan." Na ce masa, "Ɗan'uwa, abin da wanda ya sayar maka ya yi ke nan, ga kuma sakamakonsa a gabanmu. Bari mu fara sanin abin da ya ɗaga fentin."

Abin da ɓawon fenti ya nuna

Kafin a taɓa samfefa, na sa bakin wuƙa na ɗago ɓawon fenti daga wurare dabam-dabam, ina juya kowanne ina duba bayansa. Wannan ɗan binciken na minti kaɗan ya fi duk sauran aikin faɗa mini gaskiya, domin bayan ɓawon yana ɗauke da shaidar abin da ya raba shi da ƙarfen.

Wanda na ɗago daga gaban injin, bayansa cike yake da farin gari, ƙarfen da ke ƙasa kuma ya yi rami-rami. Wannan cin alminiyam ne. Mutane da yawa suna ɗauka alminiyam ba ya tsatsa saboda ba sa ganin ja a jikinsa. Yana yi, sai dai tasa fara ce. Da zarar iska ta taɓa alminiyam tsirara, nan take yake yi wa kansa wata fata siririya ƙwarai wadda ido ba ya gani, ita ce ke kare shi. Gishiri ne babban makiyin wannan fata, domin sinadarin kuloraid da ke cikinsa yana huda ta. To tsakuwa ta fasa fenti, ruwa mai gishiri ya shiga ramin, ya samu wurin fakewa a ƙarƙashin fentin inda ba ya saurin bushewa. Daga nan cin ke tafiya a ɓoye. Farin garin da yake haifarwa ya fi ƙarfen da aka cinye girma, don haka yake tura fentin sama har ya fashe. Da na kankare gefen wurin, sai ga siraran layuka sun tashi daga kowane rami sun bazu suna karkacewa, kamar hanyar gara a jikin bango. Wasu sun yi nisan yatsa guda daga inda fentin ya fashe, alhali daga sama fentin wurin lafiya lau ake ganinsa. Wannan ne ya sa goge wurin da ya ɓare kaɗai ba ya magani: kan layin, inda cin ke ci gaba, yana can gaba a ƙarƙashin fentin da ka bari.

Na murfin hagu labarinsa dabam. Fentin ya taso falle guda mai faɗi, bayansa sumul, ƙarfen da ke ƙasa kuma yana ƙyalli, babu ko ɗigon gari. Nan babu cin komai. Fentin ne bai taɓa kama jikin ba tun ranar da aka fesa shi. An fesa shi a kan tsohon ruwan sheƙin kamfani ba tare da an karce shi ba, kuma da na shafa yatsa sai na ji santsin mai. Kusa da ƙaramin sufuroket ne, inda sarƙa ke watso giris.

A kan silinda da kewayen fulogi, fentin bai ɓare ba, ƙonewa ya yi. Ya koma toka-toka, yana murmushewa a hannu. Fentin gama-gari ne aka fesa a wurin da zafi ya fi ƙarfinsa.

Sai wuri na huɗu, saman akwatin injin a ƙarƙashin kafireta, inda fentin ya yamutse ya yi laushi, farce na shiga cikinsa. Fetur ke ɗiga a wurin. Kaɗan daga bayansa kuma akwai wani tabo fari mai zurfi wanda ya bi layi ɗaya zuwa ƙasa. Da muka bi sawunsa sai muka tarar ɗan tiyon da ke fitar da numfashin batir ya cire, ruwan batir na ɗiga kai-tsaye a jikin injin.

Ashe ciwo biyar ne a inji ɗaya, kuma biyu daga cikinsu ba na fenti ba ne sam. Saboda haka aikin bai fara da fenti ba. An fara da gyara allurar kafireta da ke barin fetur ya tumbatsa, aka mayar da tiyon batir aka zura shi ƙasa yadda zai zubar nesa da ƙarfe, aka kuma sauya robar murfin bawul da ke tsattsafo da mai. Duk fentin da za a fesa a ƙarƙashin ɗigon fetur ko ruwan batir, asarar fenti ne.

Hanyoyin da aka auna aka ajiye

Mai babur ya ji labarin fesa yashi da iskar kwamfuresa, ya so a yi hakan don a gama da wuri. Gaskiya ne babu abin da ke shiga tsakanin haƙarƙarin silinda, wato siraran fikafikan ƙarfen da ke sanyaya shi, ya share shi tas kamar wannan hanya. Amma injin nan ba a yi niyyar wargaza shi ba, tunda lafiyarsa ƙalau, kuma ni ban yarda a fesa yashi ko ƙwayar gilashi a kan injin da ke haɗe ba, ko da an toshe kowace ƙofa. Ƙwayar tana samun hanya. Idan 'yan kaɗan suka shiga hanyar mai, za su bi baƙin mai su zaga boris da jikin silinda suna ci, sai ka gyara fuskar inji ka kashe cikinsa. Ga kuma haɗarin ƙurar yashi ga huhun mai aikin, wadda ke jawo ciwon silikosis da ba ya warkewa. Fesa garin soda ya fi sauƙin haɗari tunda yana narkewa a ruwa, sai dai ba ya cin tsatsar da ta yi zurfi, kuma yana barin wani saura a jikin ƙarfe wanda idan ba a wanke shi sosai ba yake hana fenti kamawa.

Fentin gari, wanda ake fesawa da lantarki a gasa a tanda, yana da ƙwari sosai. Amma gashinsa na buƙatar zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salsiyas, wanda ke nufin sai an fitar da kowace roba da kowane boris an bar ƙarfe zalla. Shi ma aka ajiye shi.

Wanda na fi jinkiri a kansa shi ne fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin daskararwa kafin a fesa. Shi ya fi kowanne jure fetur, kuma a kan murafun gefe da ba sa zafi sosai da ya yi kyau. Matsalarsa sinadarin aisosayanet da ke cikin yawancinsa, wanda shaƙarsa ke iya jawo asma ta dindindin. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Abin da ya dace da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo, da ɗakin fesa mai zuƙe iska, kuma ba mu da su. Ba na ganin kyan inji ya kai a sayar da numfashi dominsa.

Aka tsaya a kan fentin inji na gwangwani, wanda aka rubuta masa jure zafin digiri 260, tare da firaimarsa, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, ta kamfani ɗaya. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wanda mai babur ma ya kusa faɗawa. Ya ga wani gwangwanin da aka rubuta yana jure sama da digiri 1000, ya ce ai wannan ya fi. Wannan na salansa ne. Irinsa ba ya nuna, wato ba ya gama ƙarfi, sai ya sha zafi mai tsanani, irin wanda bututun hayaƙi ke kaiwa, ɗaruruwan digiri. Akwatin inji kuwa zafinsa na bin zafin baƙin mai ne, wajen digiri 80 zuwa 120, kan silinda mai sanyin iska kuma yakan kai wajen 200. Idan ka fesa fentin salansa a murfin kuloci, har abada ba zai samu zafin da zai nuna ba. Zai zauna ɗanye, takalmi ya goge shi, fetur ya wanke shi. Babbar lamba a jikin gwangwani ba ita ce inganci ba, dacewa da zafin wurin ita ce. Fentin salansa sai aka bar shi ga salansa kaɗai.

Wanki da kankara

An sauke injin daga jikin babur, aka juye baƙin mai, aka cire kafireta da salansa da sitata. Murafun gefe biyu da murfin bawul aka kwance su don a yi aikinsu a kan tebur, aka rufe gurabensu da kwali da aka yanka daidai bakin, aka manne da salatif. Ƙofar shigar iska da ta fitar hayaƙi aka cusa musu tsumma mai tsabta sannan aka rufe. A ramin fulogi aka ɗaura tsohon fulogi.

Wanki ya riga kankara, kuma wannan jerin yana da dalili. Idan ka sa samfefa a kan ƙarfe mai maiƙo, tura man kake yi cikin karcen da kake yi. An wanke da ruwan zafi da sabulun cire giris wanda aka rubuta bai cutar da alminiyam, ana cuɗawa da buroshin roba. Soda mai ci, wato kostik, da duk abin wankin da aka yi da ita, ba su kusanci injin ba. Tana cire giris da fenti da sauri, shi ya sa ake sha'awarta, amma tana narkar da alminiyam ɗin kansa, tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ta bar ƙarfen ya yi baƙi-baƙi.

Kafin a ci gaba na ɗiga ɗan binega a cikin kowane murfi, a inda na karce. Wasu babura ana yi musu murafu da maganiziyam, wanda a ido yake kama da alminiyam, amma yana kumfa idan binega ta taɓa shi, ƙurarsa kuma tana kama wuta, sannan shirinsa na fenti dabam ne. Babu wanda ya yi kumfa, duka alminiyam ne.

Tsohon fentin an cire shi da man cire fenti. Mai ƙarfin da aka saba da shi a da, mai sinadarin daikuloromitan, Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar wa jama'a shi a 2009, Amurka ta bi sahu a 2019, saboda tururinsa ya kashe mutane a wuraren da iska ba ta zagayawa. Mun yi amfani da mai sanyin aiki. Ana shafa shi da kauri, a lulluɓe da leda don kada ya bushe, a ba shi lokaci, sannan a kankare da abin kankara na roba ko katako. A kan injin da ke haɗe an kiyaye kada ya taɓa robobin tare mai da bakin gasket, domin yana kumbura roba.

Daga nan aka shiga aikin da ya fi cin rai, wato fitar da farin garin nan daga ramukansa. Buroshin waya na baƙin ƙarfe bai halatta a nan ba, haka ma sosan ƙarfe. Suna barin ƙananan gutsattsarin ƙarfe a maƙale cikin alminiyam, waɗanda daga baya za su yi tsatsa a ƙarƙashin sabon fenti, su kuma tayar da sabon ci, domin duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu da ruwa a tsakaninsu, ɗaya na cin ɗaya, kuma tsakanin waɗannan biyun alminiyam ne ke ciyuwa. An sa sabon buroshi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda bai taɓa goge wani ƙarfe ba. Wuraren da suka ci sosai aka bi su da samfefa mai lamba 180, sannan 240, aka gama dukan jikin da 320 da jan soson karce. Ƙa'idar ita ce a bi kowane layi har ƙarshensa, a wuce shi kaɗan, sai ƙarfe ya fito fes. Idan ka haska tocila a karkace, ramin da ya rage da gari a gindinsa yakan nuna fari-fat a cikin ƙarfe mai toka-toka. Irin waɗannan aka riƙa bi ɗaya-ɗaya da bakin ƙaramin buroshi.

Tsakanin haƙarƙarin silinda hannu ba ya shiga. Aka yanka sosan karce siri-siri, aka naɗa a jikin siririn katako, ana zurawa ana ja, rami bayan rami. Babu dabarar da ke gajarta wannan, kuma a nan ne mafi yawan masu wannan aiki ke gajiya su ce ai ba a gani. Daga can cikin ne kuwa sabon fenti ke fara tashi.

Ramukan da cin ya bari a gaban injin mun yi shawara a kansu. Na auna zurfinsu, babu wanda ya kusa huda bango, babu kuma wanda ya kai bakin gasket. Mai babur ya so a cike su da abin cike jikin mota don wurin ya yi sumul. Na hana. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kullum injin na zafi yana hucewa, abin cikin kuma ba a yi shi don wannan ba, zai tsage ya faɗo da fentin da ke kansa. Ramin da aka tsabtace aka rufe da fenti ba ya cutar da komai, illa dai ana ganinsa idan an matso.

Man da ke ɓoye a cikin ƙarfe

Akwai wani mataki da ba a cika yi ba, kuma a ganina shi ya raba wannan aikin da na baya. Alminiyam ɗin da aka zuba a mazubi ba ƙulle yake ɗam ba, yana da ƙananan ƙofofi, kuma shekara da shekaru yana shan mai. Za ka wanke shi ya yi fes, amma ranar da ya yi zafi sai man ya tsattsafo daga ciki, ya taso a ƙarƙashin fenti. Don haka aka ɗumama murafun a wata tsohuwar tanda da aka keɓe don aiki, a zafin da ya ɗan haura digiri 100. Da aka fito da murfin hagu, sai ga ɗige-ɗige masu duhu sun fito a fuskar da ɗazu take fara tas, musamman kewayen ramukan notuna. Aka goge da asiton, wato sinadarin da ke narkar da maiƙo, aka mayar, aka maimaita har ya daina fitowa. Injin da ke haɗe ba ya shiga tanda, shi da bindigar iska mai zafi aka bi shi a hankali, nesa da robobi, ana gogewa. Asiton na kama wuta nan da nan, saboda haka sai ƙarfe ya huce, an kashe abin zafi, sannan a buɗe kwalbarsa.

Gogewar ma da yadda ake yin ta: tsumma ɗaya jiƙe da asiton ya narkar da man, na biyu busasshe ya kwashe shi kafin ya bushe. Idan tsumma ɗaya ne, zagaya man kawai kake yi. Don tabbatarwa, aka zuba ruwa mai tsabta a kan murfi. Idan ruwan ya kwanta shimfiɗe bai tsage ba na kusan daƙiƙa 30, ƙarfen ya tsarkaka. Idan ya tattare ya yi ƙwallo-ƙwallo, da sauran maiƙo. Daga wannan lokaci babu wanda ya sake taɓa ƙarfen sai da safar hannu, domin maiƙon yatsa ma ya isa ya hana fenti kamawa.

Rufe wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba ya ɗauki lokaci fiye da fesawar kanta. An rufe bakin gasket duka, da gilashin duba mai, da robobin tare mai, da sandar giya da ta kik, da lambar inji don kada fenti ya cike ta a kasa karantawa. An rufe inda wayar at, wato wadda ke haɗa jikin injin da batir, ke ɗaure da inda sitata ke zama, domin ta jikin injin wuta ke komawa batir, idan fenti ya shiga tsakani sitata sai ta riƙa ja da ƙyar a rasa dalili. An kuma manna ƙananan da'irori a inda kan kowane noti ke zama. Fenti a ƙarƙashin noti yana laushi da zafi ya matse, notin da ka ɗaure tam ya saki.

Fesawa

Tunda alminiyam na sake yin fatar nan tasa nan take, ba a bar tazara ba: karce na ƙarshe, gogewa da firaima duk a yini ɗaya aka yi su. An zaɓi lokacin da iska ta bushe, da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. Ƙa'idar masu fenti ita ce ƙarfen ya fi zafin da raɓa ke sauka da aƙalla digiri 3, in ba haka ba wani danshin da ido ba ya gani zai kwanta a kansa a rufe shi da fenti. A wuri mai danshi irin wannan abin ba wasa ba ne, don haka aka ɗan ɗumama ƙarfen ya yi ɗumin jiki. An yi aikin a inda iska ke wucewa, da takunkumi mai matatar tururin sinadari.

An girgiza gwangwani minti 2 cur bayan ƙwallon ciki ya fara kaɗawa. Tazarar hannu santimita 20 zuwa 30. Shafin farko na firaima yayyafi ne kawai, ana hango ƙarfe ta cikinsa, na biyu ya rufe. Sannan baƙin fenti: biyu marasa kauri, na uku mai ɗan jiƙa don ya kwanta sumul, da tazarar minti 10 a tsakani. Kowane zagaye ana fara shi da lunguna da tsakanin haƙarƙari, ana fesowa daga sama a karkace sannan daga ƙasa, sai a ƙare da filin da ke a sarari. Idan ka fara da fili, kafin lungu ya samu rabonsa filin ya cika ya fara zuba.

Irin wannan fenti yana da ƙa'idar lokaci da aka rubuta a jikin gwangwaninsa: a gama duk shafe-shafen cikin awa ɗaya, in ya wuce sai a jira kwana 7. A tsakanin nan saman fentin ya bushe amma cikinsa ɗanye ne, sabon shafi zai jiƙa shi ya yamutse. Da aka gama, mai babur ya hango wani ɗan wuri a bayan silinda da bai ji fenti sosai ba, washegari ya so a ƙara. Sai da aka cika kwanakin sannan aka taɓa wurin.

A kan haƙarƙarin silinda da gangan aka rage kauri. Mai babur ya tambaya ko fenti ba zai sa injin ya riƙa zafi ba. Siririn baƙin fenti ba ya hana sanyaya, hasali ma baƙin jiki ya fi ƙarfe mai ƙyalli fitar da zafi ta hanyar haskakawa. Amma mafi yawan zafin iskar da ke ratsa haƙarƙarin ce ke kwashe shi, kuma fenti mai kauri rufi ne tsakanin ƙarfe da iskar. Abin da ake so shi ne a rufe ƙarfen, ba a cike ramukan ba.

Bushewa dabam, nuna dabam. Fentin inji na bushewa a taɓa cikin awa guda, amma ba ya jure fetur da mai sai ya sha zafi. Murafun an gasa su a digiri 93 na awa ɗaya, yadda gwangwanin ya ce. Sauran injin zafin kansa ne ya nunar da shi: bayan an haɗa an zuba mai, aka tayar da shi yana aiki a tsaye na ɗan lokaci, aka kashe ya huce sarai, aka sake tayarwa ya ɗan fi daɗewa, ya sake hucewa, sannan aka fita da shi a hankali. Injin iska ba a barinsa ya daɗe yana aiki a tsaye, don haka aka kafa masa fanka. Ya ɗan yi wari da siririn hayaƙi a zagayen farko, musamman salansa, wannan kuwa al'adar fentin ce. Salatif an cire shi tun fentin bai gama ƙarfi ba, ana ja a kwance, don kada ya ɓalle baki.

Wajen haɗawa an sa sababbin gasket, aka sauya notunan da suka yi tsatsa da sababbi masu rufin zinki. An shafa wa zarensu ɗan man hana kamewa, saboda haɗuwar ƙarfe iri biyun nan da ke sa noti ya manne a cikin alminiyam har ya karye wajen kwancewa. Ƙananan notunan murfi masu kaurin milimita 6 ba sa son ƙarfi, wajen 10 Nm ne nasu a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti, kuma zaren da aka shafa wa mai yana buƙatar a ɗan rage, in ba haka ba zaren alminiyam ya tsinke.

Tun lokacin fesawa na fesa wani tsohon murfi da aka shirya shi daidai da sauran, don gwaji. Bayan ya nuna, aka tsaga shi da reza layi-layi a gicciye har ƙarfe, aka manna salatif mai ƙarfi aka fizge. Babu murabba'i ɗaya da ya taso. Aka ɗiga masa fetur aka goge bayan ɗan lokaci, sheƙin wurin ya ɗan dushe amma fentin bai yi laushi ba. Iyakar fentin gwangwani ke nan, kuma na gaya wa mai babur: zai jure fantsamar fetur idan an goge da wuri, ba zai jure ɗigo na kullum ba. Man birki ma yana cin sa.

Bayan damina ta wuce ya dawo da babur ɗin canjin mai, na samu damar dubawa. Kan silinda da haƙarƙarinsa baƙi ƙirin, babu toka. Murfin hagu, wanda a da fentinsa ke tashi falle-falle, ko gefe bai ɗaga ba. A murfin kuloci inda takalmi ke goga sheƙin ya ragu. A gaban injin kuwa tsakuwa ta sake yin aikinta, ga 'yan ƙananan sara har ƙarfe, ɗaya daga ciki ya fara fari a gindinsa. Aka karce su, aka goge da asiton, aka ɗiga musu fenti da bakin ƙaramin buroshi. Aka ƙara wa madgad na gaba tsawo da roba don rage abin da taya ke watsowa. Tamfol ɗin da yake rufe babur da shi aka sauya da mayafi mai barin iska ta ratsa, domin tamfol na tara gumi a ƙarƙashinsa dare da rana. Ya kuma ɗauki al'adar ɗauraye gaban injin da ruwa mai daɗi bayan ya huce, duk ranar da ya bi hanyar bakin teku, ya duba ko akwai sabon sara da ke buƙatar ɗigon fenti.